Gurjiyar Lantana

A unguwar Itapagipe, can bakin ruwa arewa da tashar jiragen birnin Salvador, an yi wani tsoho da ake kira Malam Idirisu. Dogo ne, baƙi, da tsagar gado a kumatu, ga kanta a kafaɗunsa kamar ta jakin fatake. Turawan Fotugal suna ce masa Jowakin, sunan da wani fadan coci ya raɗa masa ranar da aka sauke shi daga jirgin bayi. In ka kira shi da wannan sunan, sai ya gama abin da yake yi tukuna, ya yi kaki ya tofar, sannan ya waiwayo.

A gona aka kama shi. Yana saurayi, gashin baki bai gama tsirowa ba, a wani ƙauye kudu da Kano, yana nome dawar ubansa, sai mahaya suka ɓullo ta bayan kuka. Fartanyar da ya yar a kan kunya ran nan, bai sake riƙe wata ba sai da furfura ta rufe masa kai. Aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har bakin teku, aka tsallakar da shi zuwa Bahiya, yankin da Salvador yake.

Salvador birni ne mai hawa biyu, kasuwa da tasha a ƙasa, gidajen masu hali a bisa tudu, kuma duk abin da zai hau ko zai sauka, a kan baƙin mutum yake tafiya. Dako Idirisu ya yi. Ya ɗauki gangunan sukari, ya ɗauki ɗaurin taba, ya ɗauki kujerar da ake zaunar da Bature a ciki a haura da shi tudu yana fifita. Boren da bayi Musulmi suka yi a shekarar 1835 ya same shi a garin, amma ba ya son a tayar masa da zancen. An dai lura ya yi shekaru ba ya bi ta bakin ruwan Água de Meninos, inda dawakin barikin soja suka tattake abokan karatunsa. Da gumin dakon nan ya fanshi kansa, daga baya ya fanshi Lantana.

Lantana Bazazzagiya ce, tana 'yar ƙarama aka ɗauko ta. Ƙosai take soyawa da manja, ƙosan da mutanen can suke kira akaraje, kuma bakinta ya fi barkonon ƙosanta zafi. Su biyun nan sun shekara suna faɗa da Hausa, suna shiryawa da Hausa, a garin da Hausar take ƙarewa kamar gishiri a damina. Yarabawa, waɗanda a can ake ce wa Nago, sun yi yawa har harshensu ya zama na kasuwa, yara kuwa Fotugisanci suke tashi da shi. 'Yarsu ɗaya ce ta rayu. Sunan mahaifiyar Idirisu aka sa mata, Maryamu, don haka a gida Uwani ake kiranta, maƙwabta kuma su ce Mariya. Hausarta duk faci ce, nan Yarbanci, can Fotugisanci. Uban yana sonta kamar ransa, amma duk ran da ta buɗe baki sai wani abu ya soke shi a ƙirji, ya ga kamar an yi masa sata a cikin ɗakinsa yana zaune.

Wajen shekarar 1868 gwiwoyin Idirisu suka ƙi hawan tudu. Uwani ta riga ta auri wani masunci a Itapagipe, ta gaji kaskon uwarta. Ita ta nema wa iyayen hayar wata bukka kusa da ita, mai ɗan fili a gaba. Ba su daɗe da tarewa ba Lantana ta kwanta. Ciwon ba mai hayaniya ba ne. Ido ya dushe, ƙafa ta kumbura, abinci ya fita mata a rai. A dama kunun rogo ta kawar da kai, a kawo kifi ta ce ƙarni. Wata safiya, Idirisu yana lallashinta ta ci ko loma ɗaya, sai ta ce, "Malam, ni fa gurjiya nake so."

"Ga gyaɗa nan birjik a kasuwa," in ji shi.

"Na ce maka gyaɗa? Gurjiya. Ɗanya, sabuwar cira, a dafa ta da ɓawonta da gishiri, kamar yadda innata take yi mana. In na ci ta, ko gobe aka kira ni, na tafi da ƙoshina."

Bai taɓa ganin gurjiya a Bahiya ba, kuma shi ma da ta ambata, sai ya ji ƙanshinta a hanci, har da hayaƙin murhun gidansu.

Akwai wani abokinsa, Mahmudu, tsohon abokin dako wanda ya zama ɗan kasuwa, yana bin jiragen da ke zuwa Ikko yana sayo goro da sabulu da zannuwa. Shi Idirisu ya roƙa. Watanni suka wuce, Lantana tana nan kamar fitilar da manta ya yi ƙasa. Ran nan sai ga Mahmudu ya yi sallama, ya zauna, ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihun rigarsa. Ya ce a zangon Hausawa na Ikko ya same ta wajen wata tsohuwa, kuma ya sayi mai yawa, ɓerayen jirgi suka raba da shi. Abin da ya tsira bai fi cikin tafi biyu ba.

Idirisu ya kwance ƙullin. Ga su nan, ƙwalaƙwalai, masu tauri kamar tsakuwa, wasu farare da baƙin ido, wasu ja, wasu dabbare-dabbare. Dattijo da gemunsa, sai ga hawaye. Ya kai wa Lantana, ta laluba, ta ɗauki ɗaya ta sa a baki tana juyawa, sannan ta tofo ta a hannu ta mayar.

"Busasshiya ce, kuma iri ce," in ji ta. "Ba da ni za a dafa iri ba. Ka shuka."

To, a nan ne Malam Idirisu ya yi abin da sai Bakano zai yi. Noman da ke kansa na ƙasar Kano ne, na yaron da aka kama a gona, kuma yana nan daram yadda ya bar shi, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ya tuna yadda dawa take yin baƙi ƙirin a gindin tsohon suri, ta fi 'yan uwanta tsawo da kauri. Ya tuna ubansa yana fasa surin da gara ta tashi, su kwashi ƙasar a kwando su watsa a inda gona ta gaji. A bayan bukkar tasu kuwa, gindin wani itacen kanju, akwai wani tarin jar ƙasa mai faɗi, lallausa kamar an tankaɗe, da ramuka a jikinsa. Tun ranar da suka tare yake kallonsa yana cewa Allah ya ajiye masa taki. Filin gaban ɗakin yashi ne, ya raina shi. Irin da ya tsallako teku ai ba za a jefa shi a yashin banza ba. Ya ari fartanya, ya yi rami mai faɗi daf da kanjun, ya kwashe yashin, ya cika shi da jar ƙasar nan.

Yana cikin aikin Uwani ta biyo da faifan ƙosai a ka, za ta kasuwa. Ta tsaya turus.

"Baba, wannan ƙasar sa'uba ce," ta ce da guntuwar Hausarta. "Ba kyau. Ba ta haihuwa. Kuma ka sa kusa da gidansu."

Sa'uba wasu jajayen tururuwa ne masu manyan kai, waɗanda suke yanka ganye su ɗauka a ka. Idirisu ya sha ganinsu a bakin hanya, sai dai ɗan dako ba ya tsayawa kallon tururuwa.

"Uwani," in ji shi, "ina noma tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Suri ne. Je ki kasuwarki."

"Ba suri ba, Baba."

"Ke kin taɓa ganin suri?"

Ba ta taɓa gani ba, don haka ta ja bakinta ta tafi. Allah ya taimake shi da abu guda, rowar tsoho: rabin irin ya shuka, rabin ya zuba a 'yar tukunya ya rufe da toka.

Ruwan farkon damina ya sauka, gurjiya ta fito. Kullum da safe sai ya je ya tsuguna a kanta kamar mai jego, ya dawo ya ba Lantana labari: yau ta yi ganye uku, yau ta buɗe. Amma labarin ya fara gajarta. Ganyen da ya kamata ya yi kore shar sai ya yi fari-fari, ya koma ruwan ɗorawa. Ƙasar in ta sha ruwa ta yi danƙo, in ta ga rana ta daskare kamar daɓe. Shukar ta tsaya cik, ba gaba ba baya. Ya ƙara mata jar ƙasa, wai ko takin ne bai isa ba. Ta ƙara ƙanjamewa.

Sannan wata safiya ya fito ya tarar da tsinke. Tsinke kawai, a jere, babu ganye ko ɗaya. Ga sa'uba nan sun yi hanya ɗoɗar daga shukar zuwa gindin kanju, kowace da guntun ganye a bisa kai, suna tafe a layi ba mai ture wani. Ɗan dako ya ga 'yan dako, amma ran nan ba zumunci. Ran maza ya ɓaci. Ya ɗauki fartanya ya hau tarin ƙasar da sara, yana sara yana zagi da Hausar da ba mai jinta a unguwar sai matarsa. Suka hau ƙafafunsa suna cizo har jini, bai fasa ba, har fartanyar ta burma cikin wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai girman ƙwarya.

Ya zaci rumbu zai gani cike da ganye. Abin da ya gani wani abu ne fari-fari, mai taushi kamar soso, yana warin funfuna. Ƙananan tururuwa suna ta kai da kawowa a jikinsa, suna tauna ganyen da aka kawo suna liƙa masa, wasu suna tsince datti suna fita da shi. Idirisu ya tsuguna ya manta da cizo. Ashe ganyen ba cinsa suke yi ba. Taki ne suke kai wa wannan farin abin, shi ya tofo, su kuma shi suke ci.

"Ashe ku ma manoma ne," ya ce a hankali. "Gurjiyata kuka yi taki da ita, 'yan banza."

Nan ya gane inda ya yi ɓatan kai. Garar gida tana cakuɗa ƙasarta da yawu da ruɓaɓɓen kara, shekara da shekaru, shi ya sa tsohon suri yake ciyar da dawa. Waɗannan kuwa daɗin gonarsu yana can ƙasa sun ɓoye, abin da suke turowa waje ƙasar can ƙarƙashi ce wadda saiwa ba ta taɓa ratsawa ba. Sharar gidansu ya kwasa ya shimfiɗa wa baƙuwarsa.

Ya shiga ɗaki jiki ba ƙwari. Lantana ta ji shigarsa ta san babu lafiya.

"Sun cinye?" ta tambaya.

"Sun cinye. Amma tun kafin su zo ta mutu a tsaye."

"Ciro min ɗaya."

Ya ciro mata tsinke ɗaya da saiwarsa. Ta bi saiwar da yatsu, a hankali, har ƙarshe, ta sake dawowa.

"Ba ta da ƙulli," in ji ta. "Ta innata, in aka tuge ta, saiwar duk 'yan ƙulle-ƙulle ce kamar ƙwayar dawa. Mu yara har fasawa muke yi da farce, cikin ja-ja. Kuma ita ba ta taɓa kai gurjiya gindin suri ba, wannan gatan dawa ne naku maza. A yashi take sa ta, inda aka cire wake bara. Shekarar da muka yi sabuwar gona a daji, a ƙwarya ta ɗebo ƙasar tsohuwar ta barbaɗa a ramukan. Na tambaye ta, ta ce shuka ma ba ta son zama inda ba ta san kowa ba." Ta numfasa. "Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Amma ina, Malam ya san noma."

Tsoro ne ya kama shi. Damina ta yi nisa. Irin da ya rage ba zai kai baɗi ba a wannan laimar ta bakin teku, don ya riga ya ga ƙwaro ya huda biyu duk da tokar. Ita ma mai son gurjiyar, in ya dube ta da idon gaskiya, ba ta yi kama da mai kaiwa baɗi ba. Shuka ɗaya ta rage masa.

Wake kuwa a wuri ɗaya ya san ana shuka shi kullum a unguwar: bayan ɗakin Uwani, inda take ɗan noma na ƙosanta. Ya sha wucewa ta wurin yana taɓe baki, don yashi ne baƙi-baƙi, cike da toka da ɓawon kifi da sharar murhu. Da la'asar ya tafi. Ya same ta tana surfa wake. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi mijinta, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce ko za ta bari ya tuge waken nan guda ɗaya. Ya tuge. Saiwar ta fito da 'yan ƙulle-ƙulle reras. Ya fasa ɗaya da farce, cikin ja-ja, yadda Lantana ta faɗa.

Masu bincike na zamaninmu sun ce wasu halittu ne ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, suke zama a cikin ƙullin nan. Shukar ta ba su masauki da abinci, su kuma su samo mata nata abincin daga iska. Ƙasar da wake ya daɗe a cikinta cike take da su, kuma waɗanda suke zama da wake suna zama da gurjiya. Idirisu bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne, abin da baƙuwarsa da ta tsallako teku take nema yana nan a bayan ɗakin 'yarsa.

"Uwani," ya ce, yana kallon ƙasa, "ƙasarki nake roƙo."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ta cancanci ta faɗa. Sai ta nuna masa wasu tsirrai da suka kewaye waken. Riɗi ne. Ta ce uwar mijinta ce ta koya mata: sa'uba suna son yankan ganyen riɗi, amma in suka kai shi gida, farin abin nan nasu ba ya jin daɗinsa, sai ya yi ta lalacewa, su kuma ƙarfinsu ya karye. Rabin bayanin da Yarbanci ta yi shi. Karon farko ke nan da uban ya saurare ta har ƙarshe bai gyara mata kalma ko ɗaya ba.

Washegari mutanen unguwa suka ga abin da suka daɗe ba su gani ba: Malam Idirisu da gammo da kwandon ƙasa a ka. Mijin Uwani ya ce zai kai masa, ya ƙi. Ya ɗauki kayan mutane iyakar rayuwarsa, wannan nasa ne. Yana tafe gwiwa tana ƙara, yana rera waƙar da suke yi da Mahmudu in suna hawan tudu da gangar sukari, ya juye kwando ya koma. Wannan karon a yashin da ya raina ya yi kunyoyin, daidai ƙofar ɗaki inda Lantana za ta iya jin motsinsa, nesa da kanju. Kowane rami ya zuba masa baƙar ƙasar wake cikin tafi, ya sa ƙwaya ɗaya, ya yi bisimilla, ya rufe da diddige. Uwani ta ciro 'yan riɗinta ta dasa kewaye, ta kuma riƙa yanko ganyen manyan tana zubawa a kan hanyar sa'uba.

Kada a yi ƙarya, sa'uba ba su mutu ba. Sun kwashi riɗin na ɗan lokaci, layinsu ya sirance, daga baya suka gane suka daina taɓa shi. Amma kafin su farfaɗo gurjiya ta yi ƙarfi, kuma da suka farfaɗo sai suka juya wajen rogon wani maƙwabci. Idirisu ya je ya yi masa jaje da fuskar tausayi, ya dawo gida yana hamdala.

Ganyen ya fito kore shar, ya yi cunkus kamar kan yarinyar da ba a yi wa kitso ba. Sai ga 'yan furanni ruwan ɗorawa can ƙasa a gindi. Ran nan ya ga wasu baƙaƙen kiyashi suna shiga furen suna fita, suna tona 'yan ramuka a gindin shukar. Shi da ya riga ya ƙulla gaba da duk wani mai ƙafa shida, sai ya ruga ya ɗebo toka mai zafi. Lantana, da aka fito da ita bakin ƙofa tana shan hantsi, ta ji ƙarar kasko ta tambaya.

"Kul!" in ji ta. "Ƙananan baƙaƙe? Nata ne. Innata ba ta taɓa korarsu ba. Su suke sassauta mata ƙasa ta samu ta cusa 'ya'yanta. Kai dai tara mata ƙasa a gindi, ka bar mutane su yi aikinsu."

Ya mayar da tokar murhu. Ya lura tun da aka fara wannan noman ba a taɓa yin gardama ya ci ba.

Watannin nan Lantana ta yi su ne da ƙarfin hali. Wani lokaci sai ta wuni ba ta ce uffan ba, sai da yamma ta tambaya, "Ganyen ya fara ja?" Ya ce tukuna. Ta ce, "To, ina nan." Shi kuma ya fita ya tsaya a kan shukar yana roƙonta a zuci ta yi sauri, yana kuma tsoron ranar da za ta nuna, don ya san abin da ke riƙe da matarsa.

Da ruwa ya ja baya, ganyen ya fara bushewa, irin bushewar da manomi ke so. Ya sa hannu ya tuge ɗaya. Ta fito da 'ya'ya a manne, farare, masu yamutsattsen ɓawo, saiwar kuma duk ƙulli. Ya tsaya riƙe da ita, ƙasa tana zuba masa a ƙafa, ya ji shi a ƙauyensu da kaka, har kamar zai ji muryar uwarsa tana kiransa. Abin da aka samu bai cika ƙwarya ba. Lantana ta sa aka ware na iri tukuna, sannan Uwani ta wanke sauran ta dafa da gishiri. Ƙanshin ya cika bukkar. Aka aika wa Mahmudu, ya zo da sandarsa.

Aka tayar da Lantana aka jingina ta da bango. Idirisu da kansa ya ɓare mata ɗaya, ya sa mata a tafi. Ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata, idonta a rufe.

"Ba ita ba ce," in ji ta.

Idirisu ya ji kamar an ɗora masa gangar sukari a ƙirji. Jirgin Mahmudu, da cizon sa'uba, da dakon ƙasa, duk suka taru suka faɗo masa a rai.

"Irin ne fa, Lantana," ya ce. "Daga hannun Bahaushiya ya fito. Ko ba haka ba, Mahmudu?"

"Na san irin ne. Ta innata ta fi gari, ta fi zaƙi. Wannan akwai wani abu na bakin ruwan nan a jikinta." Ta juya fuskarta wajen da take jin motsin Uwani, wadda ke durƙushe tana ɓare wata ba ta ɗago ba. Ta daɗe a haka. "A nan aka haife ta, Malam. Me kake so ta yi?" Sai ta miƙa tafinta. "Uwani, ƙaro min."

Ta ci, ta ci, har Mahmudu ya ce a bar masa ko ta ɗanɗano. Rabonta da cin abinci haka tun kafin su tare a Itapagipe. Kafin wata daminar ta kewayo Allah ya karɓi abarsa. Idirisu da Mahmudu da wasu tsofaffi 'yan ƙalilan suka yi mata salla a ɓoye, yadda aka saba a garin.

Da lokacin shuka ya zo, Idirisu ya ɗauki tukunyar irin ya kai wa Uwani, ya ce ta sa a bayan ɗakinta, kusa da wakenta. Ya rayu wasu shekaru bayan haka, gwiwa ta ƙi gaba ɗaya, abokan hirarsa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in yana son jin Hausa sai dai ya jira 'yarsa ta dawo kasuwa da tata mai faci. Ya daina gyara mata. Kowace shekara in ta cire gurjiya sai ta dafa ta kawo masa a bakin ƙofa. Ya ɓare ɗaya, ya tauna, ya daɗe yana kallon wajen kanjun nan, sannan ya ce, "Ba ita ba ce." Uwani sai ta ɓare wata, don ta san tafinsa yana nan tafe neman ƙari.